Kazar Ɗorin Garba

Ƙofar Jatau, Birnin Zariya
Maris, 1989

Zuwa ga Yaya Jibril,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jiragen ƙasanku na Makurɗi. Ka gai da matarka Ummukulsum, ka ce mata atamfar da ta sa ni nema tana ƙasan akwatina, ko matar wa ta taya ba zan sayar ba.

Kada ka ga takardar dillaliya ka ɗauka talla na kawo maka. Garba ne ya karye. Ƙafar dama, ƙasan gwiwa.

Na san abin da ka hango yanzu: ƙanenka magini a can kan soro, ƙafa ta zame, sai ƙasa. To ba haka aka yi ba, shi ya sa ma na zauna rubutu. Katangar makewayi yake ɗagawa a wani gida a Ƙofar Kuyambana, tsayinta ko ƙirjina bai kai ba. Ya gama jera tubali, ya diro yadda yake dirowa tun yana bin Baba wurin gini. Masu jefa masa tubali suka ce ƙara suka ji kamar an taka busasshen kara. Da aka shigo da shi gida, gumi na zuba, abin da ya fara ce mini shi ne, "Larai, in za ki rubuta wa Yaya, ki ce daga bene na faɗo. Kada ki zubar mini da mutunci." To ga shi na zubar.

An ɗauko Bahago mai ɗori daga Kufena. Ya zo da karansa da man shanunsa, ya ce a kawo budurwar kaza. In boko ya mantar da kai, bari in tuna maka yadda suke yi: zai karya ƙafar kazar, wadda ta yi daidai da ta mai karaya, ya ɗora su tare, tofi ɗaya, mai ɗaya. Ba a kwance wa kowa a cikinsu. Ranar da kaza ta taka ƙafarta da kanta, ranar ake kwance wa mutum ya miƙe. Barira matar Garba ta kamo wata ja mai wuyan wake, aka yi, kazar ta fi Garba ihu.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ka san sana'ata kallon fuska ce. In na shimfiɗa wa mace zane, tun kafin ta buɗe baki na san ko za ta saya. Da Bahago ya kama ƙafar nan zai ja, na ga fuskarsa ta yi irin ta wanda ya ɗaga tulu yana zaton da ruwa, ya ji shi fayau. Na bi shi zaure na ce, "Malam Bahago, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Na ce, "Ni ba Barira ba ce, faɗa mini." Sai ya ce shi dai ƙafar magini ya sani, sai ƙarti biyu sun taya shi ja kafin ta koma mazauninta, wannan kuwa shi kaɗai ya ja, da hannu ɗaya ma. Daga nan ya ce Allah ne mai warkarwa, ya hau kekensa.

Yanzu dai Garba na kwance a ɗaki, kaza na akurki a ɗakina, don na ce ni zan kula da ita kada muzuru ya raba mu da magani. Masu dubiya ba sa yankewa, kowa kuma sai ya leƙa kaza kafin ya leƙa mai gida.

Ka sa shi a addu'a. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Larai

*

Tashar Jirgin Ƙasa, Makurɗi
Maris, 1989

Zuwa ga ƙanwata Larai,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina yi mana jaje baki ɗaya. Allah ya ba Garba lafiya, ya sa kaffara ce. Ummukulsum na gaishe ku, ta kuma gode.

Na karanta takardarki a natse. Ban raina Malam Bahago ba, gadonsu ne, kuma mutane da yawa sun taka ta dalilinsa. Amma namiji mai ƙarfi ba ya karyewa don ya diro daga katangar makewayi. Akwai wani abu a ƙasa. Ina umartarki, a matsayina na babba, ku kai shi babban asibiti a ɗauki hoton ƙashin.

Tun da na ajiye takardar nake tuna yarintarmu. Ba na tuna wata damina da Garba bai kwanta ba. Inna, Allah ya ji ƙanta, takan lulluɓe shi da duk zannuwanta, haƙoransa na haɗuwa, ta dafa ganyen darbejiya ta yi masa surace. Ya tashi da rawayar ido da ƙaton ciki, ya koma kwaɓa ƙasa. Duk gidanmu dogaye ne, shi kaɗai ya tsaya. A lokacin mukan ce ɗaukar tubali ne ya danne shi. Yanzu ban sani ba.

Kududdufin bayan gida yana nan har yanzu? Na sha faɗa a cike shi.

Ba a ba ni hutu ba, sai dai da Ƙaramar Sallah in Allah ya kai mu. Ki sanar da ni duk abin da likita ya ce, ba ƙari ba ragi, don na san halinki.

Wassalam.

Yayanki,
Jibril

*

Ƙofar Jatau
Afrilu, 1989

Yaya Jibril,

Sallama da gaisuwa. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? An ce zafin Makurɗi har da gumi yake zuwa, Allah ya ba da lada.

Kududdufi yana nan, yana gaishe ka. Da me za a cike shi? Duk ɗakin da muka kwana a ciki daga ramin nan aka haƙo shi, rabin gidajen unguwar nan ma haka. Kai dai ka gode wa Allah, an kai ka makarantar kwana, aka ba ka gidan sauro da ƙwayar rigakafin zazzaɓi ta ran Lahadi. Mu aka bar mu da makaɗan bayan gida, su yi mana kiɗa a kunne mu biya su da jini.

Umarninka ya iso, amma ba ka aiko da yadda za a yi ba. Garba ya ce shi da asibiti sai dai gawarsa, wai can masu zarto ne, mutum ya shiga da ƙafa biyu ya fito da ɗaya da rabi. Don haka ka yi haƙuri, na sa maka rantsuwa a baki. Na ce masa ka rantse da Allah sai an ɗauki hoto, in ya ƙi kuwa ya jawo wa yayansa kaffara a cikin watan azumi. Ya yi tsaki ya ce a kawo mota. Mijin wata mai sayen kayana ya ba mu a-kori-kura, muka shimfiɗa katifa a baya.

Likitan matashi ne, mai sanyin murya. Da aka kawo hoton ya ɗaga shi a jikin taga, ya duba, ya kira ma'aikaciya ya ce an haɗa masa da na wani, wannan hoton tsohuwa ne. Ta duba ta ce nasa ne. Ya tambayi Garba shekarunsa, aka ce bai cika arba'in ba. Sai ya zaro hoton wani mutum ya jera mini su. Na wancan fari tas kamar alli. Na Garba kuwa, ka san zanen da ya sha wanki har kana hango rana ta cikinsa? To haka.

Ya danna masa ciki ya ce saifarsa ta kumbura, ya gwale masa ido ya ce ba jini. Ya ce, "Malam Garba, yaushe rabonka da zazzaɓi?" Garba ya ce, "Likita, ai ba mu rabuwa. Sai dai ya tafi cin rani ya dawo." Ya ce yana shan magani? Barira ta ce yakan aika kemis a sayo, ya sha na farko, da jiki ya ɗan saki sai ya bari, saboda ƙaiƙayin da ƙwayar ke sa shi. Garba ya ce mutumin da ke kan katanga da tubali a hannu ba shi da hannun susa.

Na tsare likitan a waje na ce ya yi mini Hausa. Ga abin da ya ce, ba ƙari ba ragi tunda ka san halina. Ya ce ba zai rantse ba, don ba a koya musu haka a makaranta ba, kuma rashin abinci mai kyau ma na da hannu. Amma ɓargo ne ke yin jini, zazzaɓin sauro kuma jini yake ci. Mutumin da tun yana goye ɓargonsa ke wannan aikin ba hutu, yana zaton ƙashin da ke rufe da ɓargon ma cinyewa yake a hankali. Ya ce ya sha ganin irin haka a masu yawan zazzaɓi tun yarinta. Na ce to ana sake cika shi? Sai ya kama wasa da bironsa. Na gane. Ni ma haka nake yi in aka tambaye ni ko zane na zuba.

Ya yaba ɗorin Bahago, ya ce ya tafi daidai, a bar shi. Ya ce a ba shi nono da kifi da ƙwai, a riƙa fito da shi rana, a shanye maganin zazzaɓi ko fata za ta saɓule. Sannan ya ce abu ɗaya: kada ya kuskura ya taka ƙafar nan sai damina ta wuce. Ƙashi irin nasa ba ya haɗewa da wuri. In ya taka kafin lokaci, a wurin za ta sake ɓallewa, kuma ba lallai ta ƙara kamawa ba.

Na faɗa wa Garba a mota. Ya ce, "Likita ya yi nasa. Ni kaza nake jira."

To Yaya, ita kaza ba ta yi zazzaɓi tun tana ƙwai ba. Ranar da muka dawo na tarar ta fara dangana yatsu a ƙasa. Kwana kaɗan ya rage ta taka a gaban jama'a, a rangaɗa guɗa, a miƙar da ƙanenka. Na zauna na dube ta, ta dube ni. Dabinon buɗa baki na gabana. Da aka sha ruwa na ci ɗaya, na ɗauki ƙwallon na sa mata a tafin ƙafa, na ƙara naɗi da tsumma har ƙasa, na ce wa Barira don kada datti ya shiga ne. Yanzu in an fito da ita tsakar gida, ƙafa a sama take riƙe da ita kamar sabuwar karaya. In na mai da ita ɗakina na ja ƙyaure, sai in cire mata, ta yi ta yanga kamar amarya. Bahago ya zo ya duba daga tsaye, ya ce da saura.

Kada ka faɗa wa kowa, har Ummukulsum. Allah ya karɓi ibadarmu.

Taka,
Larai

*

Makurɗi
Afrilu, 1989

Zuwa ga Larai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan mai jiki yana samun sauƙi.

Bayanin likita ya tayar mini da hankali, amma abin da kika aikata ya fi tayar mini. Kin ƙaga mini rantsuwar da ban yi ba, wannan na yafe. Amma yaudarar marar lafiya, da yaudarar dattijo a kan sana'arsa ta gado, da azabtar da dabbar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, duk a cikin wata mai alfarma, ban ga ta inda zan goyi bayanki ba. Gida ba kasuwa ba ce, Larai. Garba ba yaro ba ne. A zaunar da shi a yi masa bayani da hujja, zai fahimta.

Ina tafe da Sallah. Ni da kaina zan yi masa magana, kuma ina so in tarar kin cire wannan abu. Na sayi gidan sauro zan taho da shi.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Yayanki,
Jibril

*

Ƙofar Jatau
Yuli, 1989

Yaya,

Gaisuwa da fatan ka koma lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin takarda, ruwa ya sauka, aiki ya yi mini yawa.

Malam mai hujja, yaya hannu? Na ga inda kazar ta karce ka ranar da ka riƙe mini fukafukanta ina mai da ƙwallon dabino. Na ɗaga maka tsokana a lokacin don na ga idonka ya yi ja. Ka shiga ɗakin Garba da hujjojinka tun hantsi, ka fito bayan azahar ka ce mini, "Ina tsumman?" Wallahi da ba a cikin wannan hali muke ba, da na yi dariyar da za a ji ni a Kufena.

Amma dariyar ta ƙare mini, shi ya sa na rubuto.

Da ruwan farko zazzaɓin ya dawo daga cin raninsa. Gidan sauronka na rataye, amma abin da ke cikin jini ba ya tambayar gidan sauro. Wannan karon na tsaya a kansa ya shanye ƙwayar duka, ni da Barira muna yi masa susa da tsinken tsintsiya. Ya tashi, sai dai abin da ya tashi ba Garban da ka bari ba ne. Ƙafar hagun ma, mai lafiyar, ta tsotse kamar muciya.

Kullum da hantsi in mun fito da shi rana sai ya ce a kawo kaza. A ajiye ta a gabansa, ta ɗaga ƙafa, ya yi ta kallonta. Da farko tsokanarta yake, yana ce mata, "Hajiya, ki taimaka ki taka, ina da yaɓen mutane." Daga baya ya daina tsokana. Yanzu kallo kawai. Bahago ya ce tunda ya gaji ubansa bai taɓa ganin kazar da ta kai haka ba ta taka ba. A gaban Garba ya faɗa. Matan unguwa sun fara cewa jifa ne, wata har ta kawo mini sunan wanda ya yi. Masu ba shi aiki sun gaji da jira, sun kira wasu, wani ma bulo ya saya.

Ran Juma'ar da ta wuce ya kira Barira ya ce in tana so ta koma gidansu ya sawwaƙe mata, kada ta ƙare ƙuruciyarta a kwashe fo. Ta fito tana kuka ta faɗo ɗakina, saura kaɗan ta tarar da kaza na yawo da ƙafa biyu. Tun ranar ba ya cin abin kirki. Nonon da nake bin Fulani har bakin ganuwa in samo, sai ya tsinke a ƙwarya. Na ce, "Garba, ka ci don ƙashi ya yi ƙarfi." Ya ce, "Larai, ke da kike da wayo, ki duba mana. Kaza ma ta ƙi. Tofi ɗaya aka yi mana."

Ka ga inda na kai kaina. In ta taka, zai miƙe ya karye. In ba ta taka ba, zai kwanta ya mutu da ƙafa a ɗaure. Na sayar da zanen da ya koɗe a kan sabo ne, na sayar da kwano mai tabo na juya tabon wajen bango, ban taɓa rasa abin faɗa ba. Yau na rasa. In na gaya masa gaskiya kuma, ranar zai sa a kwance shi, kuma ba zai ƙara karɓar ko ruwa daga hannuna ba.

Damina ko rabi ba ta yi ba. Kai ne babba. Faɗa mini.

Ƙanwarka,
Larai

*

Makurɗi
Agusta, 1989

Larai,

Sallama. Na rubuta miki takarda na yaga, na sake na yaga.

Na kai wa likitanmu na nan bayanin da kika yi mini. Bai ƙara komai a kan na wancan ba, sai dai ya ce wanda ya daɗe a kwance ma ƙashinsa ƙara lalacewa yake. Ashe ta ko'ina ci ake.

Ba ni da hujja yau. Ki cire mata. Mutum da ƙafa ɗaya yana rayuwa, amma ba ya rayuwa ba ci. In abin ya zo da akasi, ba ke kaɗai ba ce, ni na riƙe fukafukan.

Ki gai da Barira, ki ce mata Allah ya saka mata. Ki gaishe shi.

Yayanki,
Jibril

*

Ƙofar Jatau
Oktoba, 1989

Yaya Jibril,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Zauna kafin ka karanta, labarin hawa biyu ne.

Na ƙara jan 'yan kwanaki bayan takardarka, ka san dillaliya ba ta sallamawa a tayin farko. Sannan wata safiya na cire, na fito da ita, na watsa tsaba nesa da ita. Ta ɗan yi jim, munafuka, kamar ta san ana kallonta, sai ta ɗora ƙafa ta tafi tinƙis-tinƙis. Barira ta saki guɗa, maƙwabta suka shigo ba sallama. Garba ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Ranar ya cinye tuwo malmala guda ya nemi ƙari.

Bahago ya zo ya kwance su. Aka kama Garba aka tsayar, ni kuwa na juya baya na toshe kunne ina jiran ƙarar kara. Yaya, ba ta karye ba. Ta riƙe. Ya tsaya yana rawa kamar ɗan maraƙi, yana cewa, "Ku sake ni, ku sake ni mana." Da sanda ya fara, daga ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa zaure. Kafin ruwa ya ɗauke har masallacin unguwa yake zuwa. Ya sa aka fito masa da kayan aikinsa aka wanke. Wani mai gida ya zo maganar gyaran soro, suka zauna a zaure suna gardamar azara, na ji muryar Garba ta dawo har da zagin wasa. Ni har na fara shirya abin da zan faɗa wa likitan nan in na gamu da shi, shi da hotonsa mai hango rana. Na so in rubuto maka a lokacin, na ce bari ya hau katanga tukuna in haɗa maka albishir ɗin gaba ɗaya.

Bai hau ba. A masallaci ne, sallar la'asar. Ba faɗuwa ya yi ba, ba a ture shi ba. Ya ɗago daga sujada zai miƙe, sai na kusa da shi ya ji ƙas, ya ga ya tafi ta gefe. Ba ƙafar da muka yi ta tsaro ba ce. Ta hagu ce, can sama a ƙugu. A tabarmar masallaci aka kawo shi.

Kafin Bahago ya iso, Barira ta riga ta kamo wata kazar, tana tsaye da ita a hannu. Ya durƙusa ya shafa ƙugun, ya shafa cinya, ya bi haƙarƙari da yatsa, ya daɗe. Ya duba ƙafar da ya ɗora, tana nan lafiya lau. Sannan ya ɗago ya ce, "Yarinya, saki kazar nan." Ta ce, "Baba, ba ta yi ba ne? A kamo wata?" Ya ce, "Ta yi. Ni ne ba zan karya ta a banza ba. In na ja nan, wani wurin zai ɓalle a hannuna. Ku yafe ni." Ya naɗe karansa. Ko ruwa bai sha ba.

Garba bai yi ihu ba wannan karon. Ya bi kazar da ido har ta fita zaure, ya ce, "Ke kin tsira."

Duk watannin nan ina gadin ƙofa ɗaya, ashe gidan duk ƙofofi ne. Ban san ko wayona ya ƙara masa kwana a tsaye ba ko ya rage masa. Na daina tambayar kaina, don ba mai ba ni amsa.

Mun koma asibiti, an ɗauki wani hoton. Zan je jin bayani.

Allah ya sa mu ji alheri.

Larai

*

Makurɗi
Nuwamba, 1989

Ƙanwata Larai,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa ya zama sanadin gafara.

Kada mu yanke ƙauna. Na yi tambaya, an ce a asibitin ƙashi na Kano ana buɗe ƙugu a sa ƙarfe a ɗaure da kusoshi, mutum ya tashi. Na nemi hutu, na kuma yi magana da wani direba da zai kai mu daga Zariya a kwance. Ki tambayi likitanku ya rubuta mana takardar zuwa. Ki lallashi Garba. In ta kama ki ce na rantse, ki ce, wannan karon na rantse ɗin.

Ki rubuto da wuri in san ranar tasowa.

Yayanki,
Jibril

*

Ƙofar Jatau
Disamba, 1989

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka sallami direban.

Na kai wa likita maganar ƙarfe. Ya ce zai rubuta takardar in muna so, amma kusa sai ta sami abin kamawa, shi kuma bai ga inda za ta kama ba. Na faɗa wa Garba yadda aka faɗa mini, ban juya komai wajen bango ba. Ya ce ya gane, shi ma ba ya kafa azara a kan rubabben bango. Ya ce a gode maka.

Abu ɗaya ya roƙa. Yana so a fasa masa taga a bangon ɗakinsa da ke kallon lungu, ƙasa-ƙasa, daidai inda kansa yake in yana kwance. Shi ya auna da kamun hannunsa, ya zana da gawayi, ya faɗi irin itacen da za a gitta a sama don kada bangon ya tsage. Na ce masa, "Garba, daga nan ai ƙafafun mutane kawai za ka riƙa gani." Ya ce ya sani, kuma duk mutanen unguwar nan yana gane su ta tafiyarsu.

Jibi za a fasa. In ka zo, ka biyo ta lungu, ka yi tafiyarka yadda ka saba.

Ka gai da Ummukulsum da yara. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Larai